Takarda tana Tahoua, babu ta a Niamey: ina ta shiga?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Ni sakatariya ce a wani biro nan Tahoua, babban ofishinmu yana Niamey, kuma muna da dosiye guda a reso da kowa ke zuba takardunshi ciki. Ran Litinin na gama rahoton wata na ajiye, Talata da safe sai ga shugaba ya bugo daga Niamey yana faɗa wai shi bai ga komai ba, ni kuma ga shi nan gabana ina kallo. Bayan haka wani fishiyen Excel na kuɗin mai da muka gyara ni da wani na can shi ma gyarana ya ɓace, mun duba kwandon shara wayam. Wallahi har an fara kallona da wani ido.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, ki kwantar da hankalinki, da alama ba hannunki ba ne. Dosiyen da kike gani guda ɗaya, a gaskiya biyu ne, akwai sarba (babbar kwamfutar da ke ajiye takardun reso) a wajenku akwai wata a Niamey, sunan ne kawai ɗaya. A Windows ana kiran wannan tsari DFS: kowa kwamfutarshi takan kai shi sarbar da ta fi kusa da shi, su kuma sarbobin suna kwafar wa juna abin da ya canza a bayan fage. In kwafin ya tsaya, ke kina ganin naki, shugaba yana ganin nashi, kowa gaskiya yake faɗi.

Kafin a taɓa komai ki danna dama a kan dosiyen, ki shiga Propriétés, akwai shafin DFS, nan za ki ga sarbar da kike kanta. Shi ma shugaba ya duba nashi. In sunayen sun bambanta to an kama bakin zaren.

Ni abin da na fi zargi shi ne wuta. Sarba ta mutu ba shiri saboda kuran ya ɗauke kuma batirin ondila (na'urar da ke riƙe wuta in kuran ya ɗauke) ya gaji, to a Windows Server 2012 in ta taso takan dakatar da kwafin da kanta, ta rubuta lamba 2213 a littafin abubuwan da suka faru, ta zauna jiran mutum ya ce ta ci gaba, kuma ba ta gaya wa kowa, kuna ta aiki kuna ajiya sati guda babu abin da ke tafiya. Na taɓa zuwa wani biro na tarar da haka, sarbar tana ƙarƙashin tebur ƙurar hunturu ta rufe ta, fitilarta kore shar kamar lafiya lau, ashe kwana goma sha wani abu ba ta aika ko harafi ba. In ta wuce kwana 60 a yanke kuwa lambar 4012 za a gani, wannan aikin ya fi girma. Ki ce wa mai kula da reso naku ya duba lambobin nan, ya kuma buga umarnin dfsrdiag backlog ya ga takardu nawa ke layi. Wani lokacin ma layin ne kawai, intanet ɗin ke rarrafe. Kuma fishiye in yana buɗe ba ya tafiya sai an rufe shi, masu barin Word a buɗe su tafi gida ku ji.

Na Excel ɗin kuma daban ne. In mutum biyu suka gyara fishiye ɗaya a sarba biyu, DFS ba ya haɗa gyaran, wanda ya ajiye ƙarshe shi ya ci. Naki ba a jefar ba, ana tura shi wani ɓoyayyen wuri, ConflictAndDeleted, cikin DfsrPrivate a kan sarbar, an ɗan jirkita sunan. Amma fa wurin yana da iyaka, yana cika sai ya fara share tsofaffi, don haka yau za a duba ba wata mai zuwa ba. Kwandon shara kam ki manta da shi, abin da aka goge ta reso ba ya shiga can. In an kunna Versions précédentes (inda ake ajiye tsofaffin kwafin fishiye) a sarbar, ki gwada can ma, sau da yawa ana samun na jiya.

Don Allah kada kowa ya yi ta kwafe dosiyen nan gaba ɗaya yana liƙa wa wancan wai a daidaita, nan ne ake danne sabo da tsoho. Rahoton dai ki tura wa shugaba ta imel yanzu, ki haɗa da hoton shafin DFS ɗin naki.