Me gada ke nufi a zane da tatsuniya?

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa gada, wato ta tsallake ruwa, ke yawan fitowa a zane-zane da tsoffin labarai, kuma ko ma'anarta ɗaya ce a ko'ina.

Ba ɗaya ba ce. Fara da duba abin da ke tsallaken biyu. A labaran mutanen Sikandinabiya na dā, Bifrost gada ce ta bakan gizo da ta haɗa duniyar mutane da ta alloli, ɗaya daga cikin allolin mai suna Heimdall na gadinta, kuma za ta karye a yaƙin ƙarshen duniya. A Sin labarin ya fi taushi: an raba makiyayi da masaƙiya da kogin taurari, sai tsuntsaye su jeru su zama gada a daren 7 ga watan 7 na kalandarsu ta gargajiya, su haɗu sau ɗaya a shekara. Wannan gadar kewa ce.

Masu zane ba kullum suke ɓoye saƙo ba. Monet, mai zane ɗan Faransa, ya yi ta zana ƙaramar gadar lambunsa a Giverny tun 1899, kuma a ganina haske da ruwa ne suka dame shi. Mutane kan yi kuskuren ɗora wa kowace gada "haɗin kai". Gadar Mostar ta Bosniya, wadda aka gina a 1566, aka rusa a lokacin yaƙi a 1993, aka sake buɗewa a 2004, ita ce ta cancanci wannan fassarar.

Kada kuma ka jera Siraɗi cikin tatsuniyoyi, aƙida ce. Wannan ɓangaren ka kai wa malaman addini, na zanen kuma ka nemi malamin tarihin zane a jami'a.