Wane ɗan tsiro ne wannan mai fure da yamma a yashin Wiskonsin?

Tambaya: Salam malam, ina karatu a jihar Wiskonsin ta Amurka. Mun je wani filin ciyawa mai yashi sai na ga ɗan tsiro mai ganye sirara amma cike da ruwa, da safe babu fure ko ɗaya, da yamma kuwa sai ga furanni ruwan hoda. Menene shi? Zan iya tono shi in sa a tukunya?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, gaskiya ka yi sa'a don ba kowa ke cin karo da shi ba. Yadda ka kwatanta, Phemeranthus rugospermus ne, da can ana ce masa Talinum rugospermum. Ganyensa mulmulallu ne kamar tsinke mai kauri, tsawonsu bai cika wuce santimita 6 ba, duk a cunkushe a ƙasa, sai siririn kara ya miƙe sama ɗauke da furanni masu kunnuwa 5. Furen kuma wajen la'asar yake buɗewa, 'yan awanni ne ya rufe kuma kowane fure kwana ɗaya ne nasa, shi yasa wanda ya je da safe zai taka shi ma bai sani ba.

Amma fa yana da ɗan'uwa, Phemeranthus parviflorus, da suke kama sosai. Ka durƙusa ka ƙirga zaren nan masu kai rawaya a tsakiyar furen, in sun haura 10 rugospermus ɗin ne, na ɗan'uwan basu cika wuce 8 ba kuma shi yafi son kan duwatsu. In kana da gilashin ƙara girma duba irin, na rugospermus a yamutse yake, na ɗan'uwan sumul.

Wurin zamansa yashi ne tsagwaro mai rana, inda ciyawa bata yi yawa ba, a Wiskonsin da Minesota da Ayowa da Ilinoi har Nebraska. A da gobarar daji ce ke hana bishiyoyi mamaye irin filayen nan, yanzu an daina barin wutar, inuwa ta rufe shi, ga noma ga masu tuƙa babura a kan yashi. Minesota ma ta saka shi cikin tsirran da ke fuskantar barazana.

Don Allah kar ka tono shi. Ɗau hoto da yamma, ka rubuta inda ka gan shi, ka turawa hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jihar, suna neman irin wannan bayanin.