Tambayi Likitan Dabbobi: Wane abinci zan saya wa kwikwiyon da aka bar mini amana?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Baba Likita. Ni 'yar Nima ce, ina aikin gida a East Legon, nan Accra. Uwar ɗakina ta tafi Ingila za ta yi wata uku, ta bar mini ɗan kwikwiyonta, irin fararen nan masu gashi da ake kira Maltis. Satinsa goma da haihuwa, nauyinsa kilo ɗaya da ɗan ɗori. Abincin da ta bari ya kusa ƙarewa, irinsa kuma ya yanke a shagon da take saye. Na tarar da buhuna iri-iri: wani an rubuta furotin kashi 21, wani 28, wani 32, na gwangwani kuwa 8 kacal. Yaron shago ya ce mai babbar lamba shi ne mai kyau. Maƙwabciyarmu ta ce yawan furotin yana lalata ƙoda. Mai gadinmu cewa ya yi in daina wahalar da kaina, in zuba masa ragowar wake da shinkafa. A gidanmu ba a kiwon kare, ban san kansa ba, amma amana ce. Wanne zan saya?

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya yi miki albarka da kika tsaya kika tambaya. Ki sayi mai kashi 28 ɗin nan, muddin an rubuta a jikin buhun cewa na kwikwiyo ne. Kalmar da za ki nema ita ce "Puppy", in da hali kuma wanda aka yi don ƙananan karnuka. Idan mai 32 ne ke ɗauke da wannan rubutu, shi ma ba laifi. Mai 21 ki bar shi a kanta, na manyan karnuka ne da suka gama girma.

Ga dalili. Ƙungiyar AAFCO ta Amurka, wadda masu yin abincin dabbobi da yawa ke bin ma'auninta, ta sa mafi ƙarancin furotin ga kwikwiyo mai girma a kan kashi 22.5 cikin ɗari idan aka cire ruwan abincin, babban kare kuma kashi 18. Ta Turai, FEDIAF, ta ce kashi 25 ga wanda bai kai sati 14 ba. Naki yana sati goma, kin ga mai 21 bai ishe shi ba. A wannan lokaci ne yake haɗa tsoka da fata da jini da wannan gashi da uwar ɗakinki ke ƙauna, duk kuwa da furotin ake yin su.

Na gwangwanin da kika raina saboda lambarsa 8, ba ƙarami ba ne. Abincin gwangwani kusan kashi 78 ɗinsa ruwa ne, abin da ya rage kashi 22. In kika raba 8 da 22, za ki ga furotin ɗinsa ya haura kashi 36 idan aka cire ruwan. Busasshen na buhu ruwansa wajen kashi 10 ne, shi ya sa lambarsa ke fitowa da girma. Kamar ɗanyen kifi ne da busasshe a kasuwar Nima: kilo guda na wannan ba daidai yake da kilo guda na wancan ba. Saboda haka ba a gwada lambar gwangwani da ta buhu kai tsaye.

Yaron shago ya faɗi rabin gaskiya. Lamba tana gaya miki yawan furotin, ba ta gaya miki daga ina ya fito ba. Ki juya bayan buhun, ki duba jerin kayan haɗi. Ana jera su ne bisa nauyi, mafi yawa a farko. Ina so ki ga kaza, ko rago, ko kifi, ko garin namansu a sahun gaba, an ambaci sunan dabbar ƙarara. Idan masara da alkama ne suka cika layin farko, nama kuma sai can ƙasa, to ko lambar ta kai nawa ni ba zan saya ba. Ki kuma nemi inda aka ce abincin cikakke ne, wato ba ya bukatar ƙari.

Maganar maƙwabciyarki kuwa, na sha jin ta. Kare mai ciwon ƙoda, musamman tsoho, shi ake rage wa furotin bisa umarnin likita. Daga nan mutane suka ɗauka furotin ne ke kawo ciwon. Kwikwiyo mai lafiya kashi 28 ko 30 ba ya taɓa masa ƙoda. Ki dai tabbatar akwai ruwa mai tsabta a gabansa dare da rana, da wannan zafi na Accra.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi damuna, wanda ba ki tambaya ba. Irin waɗannan 'yan mitsi-mitsi, abin da ke kashe su a farkon rayuwa sau da yawa tazarar da ke tsakanin ci da ci ne. Cikinsu ƙarami, hantarsu ba ta ajiye sukari da yawa, jikinsu kuma yana ƙone abinci da sauri. In suka daɗe ba su ci ba, sukarin jini sai ya faɗi. Akwai wata safiya da wani yaro ya shigo mini da kwikwiyo a cikin kwalin taliya, an shimfiɗa masa tsohon ɗankwali. Jikinsa sanyi ƙalau, kai ya langaɓe, ido a buɗe amma ba ya ganin kowa, ƙafafu suna ɗan karkarwa. Na tambaya yaushe rabonsa da abinci, yaron ya ce tun la'asar ɗin jiya. Na shafa masa ruwan gulukos a dasashi, na naɗe shi a tawul, muka zauna muna kallonsa. Kafin minti ashirin ya ɗaga kai yana lasar yatsana. Yaron nan sai da ya yi hawaye. Da sun ƙara awa biyu a gida, da wani labarin ake yi.

Don haka ki riƙa ba shi sau huɗu a yini: bayan asuba, da azahar, da la'asar sakaliya, sannan kafin ki kwanta. In ya kai wata huɗu ki mayar sau uku, bayan wata shida sau biyu. Ki ajiye zuma a kusa. Ranar da kika ga ya yi laushi yana tangaɗi, ki shafa masa kaɗan a dasashi da yatsa, kada ki ɗura masa ruwa, ki kai shi asibitin dabbobi nan take.

Yawan abin da zai ci yana cikin jadawalin da ke bayan buhu, ana dubawa da watanninsa da nauyin da zai kai in ya girma. Maltis yakan tsaya a wajen kilo uku. A yanzu abincinsa na yini duka bai wuce giram 50 zuwa 70 ba, a raba huɗu. Zai yi miki kaɗan a ido, amma haka ne. In ƙwayoyin sun yi masa tauri, ki jiƙa da ruwan ɗumi, abin da ya bari bayan rabin awa ki zubar. Kuma tunda tsohon bai ƙare ba, kada ki canza rana ɗaya, zai yi gudawa. Kwana biyu ki sa kashi ɗaya cikin huɗu na sabon, kwana biyu rabi da rabi, haka har mako ya cika.

Ki gaishe mini da mai gadi, amma wake da shinkafar Nima da mu ta dace. Miyarta da shito, wato soyayyen yajin Ghana, cike suke da albasa da tafarnuwa, su kuwa suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, ga barkono da gishiri. Haka cakulan, da inabi, da dafaffen ƙashin kaza da ke tsagewa ya soki hanji. Madarar gwangwani ma gudawa take sa su. Kuma kada tausayi ya sa ki koma ba shi zallan nama: nama ba shi da isasshen kalsiyam, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, kwikwiyon da aka raina da shi kaɗai ƙasusuwansa kan yi laushi su lanƙwashe. In kina son kyautata masa, ɗan ɓallin dafaffen ƙwai ya isa.

Ki sayi ƙaramin buhu, na kilo ɗaya ko biyu, a rufe daga kamfani, ki duba ranar lalacewa. Wanda ake ƙullawa a leda ba suna ba kwanan wata, ki guje shi ko da ya fi araha. Damshin garin nan yana sa abinci mai masara ya yi fumfuna, dafinta kuma hanta yake ci. Bayan kin buɗe, ki naɗe bakin buhun ki sa shi a bokiti mai murfi. Ki kuma kira uwar ɗakinki ki tambayi katin rigakafinsa, domin a sati goma akwai sauran allurai a gabansa, ta haukan kare kuma ana yin ta ne in ya cika wata uku.

TAMBAYA: Likita, ni a Madina ta Accra nake, ina da kwikwiyon Bowabul, irin karnukan gadin nan masu babban jiki, watansa uku. Zan iya ba shi abincin ƙananan karnuka tunda furotin ɗinsa ya fi yawa?

AMSA: A'a, ɗan'uwa. Abincin ƙananan karnuka yana da maiƙo da ƙarfi sosai, zai sa naka ya yi girman gaggawa, nauyi ya riga ƙashi ƙwari, gaɓoɓi su samu matsala. Manyan karnuka kuma ba sa jure yawan kalsiyam suna ƙanana, shi ya sa AAFCO ta ƙayyade musu kashi 1.8 a matsayin iyaka. Ka nemi na kwikwiyon manyan karnuka, kada ka ƙara masa garin ƙashi ko ƙwayar kalsiyam a kai, ka ci gaba da shi har ya kai shekara ɗaya da rabi.