Shin "shy" ita ce kunya?

Wata baiwar Allah ta aiko da tambaya daga Zariya. Malamar 'yarta ta rubuta a takardar sakamako cewa yarinyar "shy" ce, kuma "she lacks confidence". Ita dai da ta duba ƙamus sai ta ga "shy" na nufin mai kunya, har ta ji daɗi. Shin yabo ne, ko kuwa?

Hajiya, ba yabo ba ne, amma kuma ba zagi ba ne. Malamar tana gaya miki cewa yarinyar tana noƙewa a aji, ko ta san amsa ba ta ɗaga hannu.

Kalmar "shy" tsohuwa ce a Ingilishi, kuma asalinta tana nufin mai saurin firgita. Har yau idan doki ya zabura ya yi gefe don ya ga wani abu, da wannan kalmar Bature yake faɗa. To kin ga tushenta tsoro ne. Kunya kuwa a wurinmu tarbiyya ce. Uwa da ba ta kiran sunan ɗan fari, ko amarya da ke sunkuyar da kai gaban surukai, ba tsoro ne ya sa su ba. A 1974 masanin nan Anthony Kirk-Greene ya wallafa nazarinsa a kan mutumin kirki a ƙasar Hausa, ya jera kunya tare da gaskiya da amana da haƙuri. Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce kunya reshe ce ta imani. Wannan kunyar ta fi kusa da "modesty", duk da cewa ita ma ba ta ɗauke kara da kawaici da alkunya gaba ɗaya ba.

Abin da ya fi dacewa da "shy" a bakinmu shi ne noƙe-noƙe, ko ɗari-ɗari da mutane, ko nauyin baki.

Kalmar "shy" tana da 'yan uwa a Ingilishi. "Timid" daga Latin take, daga kalmar tsoro, kuma ta fi "shy" nauyi, domin mai ita ko ba mutane a wurin yana shakkar tunkarar abu. "Bashful" ita ce ta yaron da ke ɓuya bayan zanen uwarsa yana murmushi. "Reserved" mai kamun kai ne, ba ya yawan magana don haka ya zaɓa, kuma ana iya faɗarta a matsayin yabo. "Introvert" kuwa, wadda masanin halayyar ɗan Adam Carl Jung ya yayata a littafinsa na 1921, mutum ne da ya fi samun natsuwa shi kaɗai. Yana iya tsayawa gaban dubban mutane ya yi jawabi ba gargada, ya koma gida ya rufe ƙofa. Matasa da yawa suna kiran kansu da wannan suna a Facebook alhali fargaba ce ke damun su, kuma ina ganin hakan na hana su neman mafita.

Rabi na biyu na maganar malamar ne ya fi damuna. Rashin yarda da kai shi ne "lack of confidence". Mai shi ana ce masa "diffident", wato yana raina abin da ya sani, ko "insecure", wanda kullum yake ganin wasu sun fi shi. "Self-conscious" kuma ita ce tsarguwa, mutum ya riƙa jin duk idanu a kansa suke. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da addini ko al'ada suka yaba. Sau da yawa mu iyaye ne muke lulluɓe su da sunan kunya, musamman ga 'ya'ya mata, mu ce ai yarinyar tana da hankali, alhali a ranta tsoron yin kuskure take yi. Hausawan da suka ɗaukaka kunya su ne dai suka ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma aji wurin wanka ne.

Shawarata, ki je ki ga malamar, ki tambaye ta ko a dukkan darussa yarinyar take shiru, ko kuwa sai inda za a yi magana da Turanci. Idan na biyun ne, harshen ne bai zauna mata ba tukuna. Ki riƙa sa ta karanta miki shafi ɗaya da ƙarfi kowane dare, kada kowa ya yi mata dariya in ta yi tuntuɓe.