Wata biyu da ɗaukar hoto, fasfo bai fito ba

Kana tambaya ko ka sake cike sabon fom, tunda wata 2 ke nan da aka ɗauki hotonka da zanen yatsunka amma shiru. A'a malam, kada ka sake. Yatsunka na cikin na'ura, in ta ga fom biyu a kansu sai ta tsayar da duka har wani jami'i ya bincika, ka ga an koma gidan jiya. Ɗauki rasit ɗinka ka koma inda aka yi maka hoton, ka tambaye su takamaimai a ina takardarka ta tsaya: wajen tantancewa, wajen bugawa, ko littafin fasfon ne ya yanke musu.

Ni nawa harafi ɗaya ne ya riƙe shi. Katin shaidata na ɗauke da Muhammad, a fom kuma aka rubuta Muhammed, kuma babu wanda ya neme ni sai da na kai kaina. Ana gyarawa ya fito. In kuwa tafiyar ta jinya ce, riƙe takardar asibiti, ƙasashe da yawa na da hanyar gaggawa ga mai hujja a hannu.