Amsa ga Alhaji kan akawal ɗinsa, wato baƙin dokinsa, da ya ji ciwo a ƙafar baya

Assalamu alaikum jama'ar gida, Alhaji ranka ya daɗe na saurari saƙonka, ka ce akawal ɗinka ya zame wajen sukuwa ranar hawan Daushe, ƙafar baya ta kumbura daga ƙasan gwiwa, yanzu sati 3 ya daina ɗingishi, kana tambaya ko zai hawu babbar sallah. Wallahi Alhaji a'a, don Allah kar a ɗora masa sirdi. Tsakanin sallolin nan wata 2 ne da kwana 10 kacal, ita kuwa jijiyar nan da ke bin bayan ƙashin ƙauri ta riƙe idon sawu, in ta tsage sai ta ci wata 6, wata har shekara, kuma ta ƙafar baya ta fi ta gaba taurin kai saboda da baya doki yake tunkuɗa jikinsa. Jini ba ya isa jijiya sosai shi ya sa take jan lokaci, zafin ya kan tafi tun ba ta haɗe ba, dokin yana rawar kai a turke kai ka ɗauka ya warke, ana zabura ɗaya ta sake tsinkewa, na biyun kuma ya fi muni.

Ni abin da zan ce, a nemo likitan dabbobi ya yi mata sikanin, in babu a kusa akwai asibitin koyarwa na dabbobi na ABU Zariya, hoton ne zai faɗi girman tsagewar ba hannu ba. In har yanzu wajen da ɗumi a ci gaba da sakar masa ruwan sanyi minti 20 sau 2 ko 3 a rana, a naɗe da auduga mai kauri kafin bandeji, kar yaron barga ya ɗaure tamau. Ita ma ɗayar ƙafar a riƙa dubata don ita ke ɗauke da nauyin duka, in kofatonta ya yi zafi a kira likita take. Maganin zafin nan bute da ake ba su, shi ne yake yaudarar mutane, yana ɓoye ciwo ne, kuma in aka daɗe ana bayarwa yana cin ciki da ƙoda, sai yadda likita ya auna.

Sannan don girman Allah kar a bari wani ya zo ya yi masa lalas da ƙarfe, ƙuna ce kawai kan ciwo, ga ƙuda ga tsoron tetanus. Igiya ma kar ta taɓa wannan ƙafar, a ba shi ɗaki mai yashi ya tsaya sake. A rage masa dawa da gero sosai, harawa da ciyawa su yi yawa, in ba haka ba ƙarfi zai dame shi ya dinga harbin bango.

Tafiya kuma a hannu za a fara, minti 5 zuwa 10 a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa a miƙe ba zagaye ba, ana ƙarawa kaɗan kaɗan duk sati, ranar da kumburi ya dawo a koma baya. Sassarfa sai an sake sikanin wajen wata 3 likita ya yarda. Hawan bana Alhaji ka ari na ƙaninka, ka turo mana hoton ƙafar ta gefe yana tsaye in ga ko idon sawun ya sauka. Allah ya ba shi lafiya.