Tsakanin i7-7500U da i5-8250U, wanne ya fi ƙarfi?

Malam, ka ce ka ga laftof biyu na hannu a Kasuwar Sheikh Gumi, ɗaya mai furosesa (wato ƙwaƙwalwar kwamfuta) Core i7-7500U, ɗaya mai Core i5-8250U, mai shago kuma yana tura ka ga i7 ɗin. Ni dai i5 ɗin zan ce ka ɗauka.

Lambar 7 da ke cikin sunan i7 ce ke ruɗin mutane, sai su ɗauka dole ya fi i5 ƙarfi. Wannan i7 zubi na bakwai ne, na 2016, ƙwayoyin aiki (sassan furosesa da ke raba aiki a tsakaninsu) biyu kacal gare shi. Shi kuwa i5 zubi na takwas ne, na 2017, da ƙwayoyi huɗu, kuma yana jan layin aiki takwas a lokaci guda, ninkin na wancan. Idan aiki ɗaya tal aka ba su, kusan kunnen doki suke yi: gudun i7 kan kai gigahaz 3.5, na i5 kuma 3.4. Amma ka buɗe Chrome da shafuka goma, ga Zoom, ga tace bidiyo, nan take za ka ji i7 ya fara nishi.

Abin da ya fi damuna ma shi ne Windows. Microsoft ya daina kula da Windows 10 a Oktoban 2025, kuma 7500U ba ya cikin furosesocin da aka amince su ɗauki Windows 11. 8250U yana ciki.

Kafin ka biya, a kunna maka laftof ɗin ta yi aiki mai nauyi na minti goma, ka saurari fanka. Ƙurar hunturu kan toshe ta, furosesa kuwa in ya ɗau zafi rage gudu yake yi. Ka tabbatar laftof ɗin tana da SSD (ma'ajiyar bayanai mai sauri) da RAM (ma'ajiyar wucin gadi ta ayyukan da ke buɗe) na gig 8.